Kafin Ka Tura Hoton Na'urar, Tambayi Ina Ake Wanke Ta

Ka san irin hoton nan, don na tabbata ya sha giftawa ta wayarka. Babban mutum cikin babbar riga, almakashi a hannu, jan kintinkiri a gabansa, a bayansa kuma ga wata na'ura mai allo kamar talabijin, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba. A ƙasa an rubuta: an samar da na'urar endoskofi ta zamani a asibiti kaza, irinta ta farko a yankin. Kafin la'asar gari ya rabu biyu a Facebook. Yaran mai gida suna ta "aiki sai mai shi", 'yan adawa suna rantsuwa tsohuwa ce aka goge, ko kuma an ninka kuɗinta sau uku. Kai ma wataƙila ka jefa naka, ka danna alamar wuta, ka wuce.

Abin da ke damuna da wannan rigima shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan kuskure ɗaya ba su sani ba. Dukansu sun ɗauka na'urar ita ce aikin. Alhali a cikin duk abin da ɗakin leƙen ciki yake buƙata, ita ce ta fi sauƙin samu, tunda kuɗi kawai take so: a yi oda, a jira jirgi, a sauke. Abubuwan da za su sa ta yi aiki, kuma ta yi shi ba tare da ta cutar da mahaifiyarka ba, ba sa fitowa a hoto.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, tiyo ne baƙi mai lanƙwasa, kaurinsa kamar ƙaramin yatsanka, tsawonsa wajen mita ɗaya, da kyamara da fitila a bakinsa. Ana zura shi ta baki, ya bi maƙoshi ya sauka tumbi har farkon hanji, likita yana kallon komai a allo. Akwai yayansa da ya fi shi tsawo, wajen mita ɗaya da rabi, wanda ake zurawa ta dubura don duba babban hanji. Shi ake kira kolonoskofi. (Na san ka yamutsa fuska. Riƙe kunyar nan, za mu dawo kanta, don ita ma aikin mai tsara ɗakin ce.) Abin ba na jiya ba ne. A 1868 wani likita a Jamus, Adolf Kussmaul, sai da ya nemo mai wasan haɗiye takobi kafin ya samu wanda zai jure a zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe. Mai lanƙwasar nan sai a 1957 Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka haɗa shi a Jami'ar Michigan ta Amurka, kuma shi ya fara haɗiye shi da kansa kafin ya gwada a kan majinyaci.

To me ya shafe ka? Shiga rukunin WhatsApp na 'yan ajinku ka ce masu ulsa su ɗaga hannu, za ka sha mamaki. A wurinmu duk wani zafi tsakanin ƙirji da cibiya sunansa ulsa. Ƙwannafi ulsa ne, yunwa ulsa ce, damuwar jarrabawa ulsa ce. Ana shan omeprazole kamar gyaɗa, in bai yi ba a koma TikTok wurin mai jarka da ke warkar da ita cikin kwana uku. Gaskiyar magana, yawancin matasan da ke wannan kuka ba sa buƙatar kyamara. Tun 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke haddasa mafi yawan gyambon ciki. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar a 1984 ya kwanta ciwo, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ana iya gano ta da gwajin bayan gida, a kashe ta da magani na kamar mako biyu.

Amma akwai mutanen da babu makawa sai an leƙa. Wanda abinci ke maƙale masa in ya haɗiya. Wanda ke ramewa babu dalili. Wanda ke aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Dattijon da "ulsa" ta fara masa da tsufa. A cikin irin waɗannan ake tsintar sankarar tumbi da ta maƙoshi, bayan an shafe shekara ana ɗura musu maganin ulsa. Ga kuma ɗan acaba da lebura da ke watsa diclofenac ko ibuprofen kowane dare don ciwon jiki, har wata rana tumbin ya tsage ya fara zubar da jini. Ga ciwon hanta: binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. In hanta ta ƙandare, jijiyoyin maƙoshi kan kumbura, ranar da ɗaya ta fashe mutum zai iya cika kwano da jini cikin mintuna. Da tiyon nan ake shiga a ɗaure jijiyar da ɗan zoben roba. Kuma in kana ganin sankarar hanji ta tsofaffi ce, tuna Chadwick Boseman na fim ɗin Black Panther, wanda ta kashe a 2020 yana da shekara 43. Saboda haka buƙatar ɗakin nan gaskiya ce, ba na jayayya da wannan.

Yanzu mu zo ga tambayar da ba wanda ke yi. Tiyon da ya fito daga cikin wani da ƙarfe tara, shi za a zura a cikinka da ƙarfe goma. Me ya faru da shi a tsakani?

Almakashin tiyata da wuƙa ana jefa su cikin tukunyar tururi mai tsananin zafi, komai ya mutu. Tiyon leƙen ciki ba ya jure wannan, roba ne da gam da gilashi da wayoyi, zafi zai lalata shi. Sannan ba dunƙulallen abu ba ne. A cikinsa akwai 'yan hanyoyi sirara da suka bi tsawonsa: ta iska, ta ruwa, da wadda ake zuƙo majina da jini, ake kuma zura kayan aiki ta cikinta. Wannan ta ƙarshe faɗinta bai kai milimita 3 ba a tiyon tumbi. Ka ƙaddara tsinken shan lemo ne mai tsawon mita guda, an zuƙi kunu da shi, aka ce ka wanke cikinsa tas ba tare da ka gani ba.

Ga yadda ake yi in ana son a yi daidai. Ana zaro shi, tun a bakin gado za a goge bayansa, a zuƙi ruwan sabulu na musamman ta cikinsa kafin ƙazanta ta bushe. A saka shi a rufaffen mazubi a kai ɗakin wanki. A can a hura masa iska a nutsa shi cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa, kamar yadda mai faci ke neman hujin tayar babur, domin ɗan huji ɗaya ya isa ruwa ya shige ya kashe kyamarar, ƙwayoyin cuta kuma su samu maɓoya. Sai a bi kowace hanya da siririn burushi, a sake bi, har ya fito babu komai a jikinsa. A ɗauraye. Sannan a jiƙa shi cikin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a tabbata ya cika kowace hanya. Wanda aka fi samu a ƙasashe irin namu shi ne glutaraldehyde, da ma'aikata suka fi sani da Cidex, kuma yana son aƙalla minti 20. A sake ɗauraye shi da ruwa mai tsabta sosai, a bi cikinsa da sifirit, a hura iska har ya bushe, a rataye shi a tsaye cikin kabad mai shan iska. Busarwar nan ba ado ba ce. Ɗigon ruwan da ya kwana a ciki gona ce ga ƙwayoyin cuta.

Duk matakin da aka tsallake, na gaba ba zai rufe masa asiri ba. Sinadari ba ya ratsa busasshiyar majina; in ba a goge ba, ko kwana ya yi a jiƙe aikin banza ne. Shi kansa sinadarin yana tsufa. Cidex na yau da kullum kwana 14 ne iyakarsa bayan an haɗa, kuma akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ga ko da sauran ƙarfinsa, don ruwan da ke bin tiyo yana tsarma shi kullum.

Wannan aiki ba a yin sa a lungun ɗakin da ake duba majinyaci, a cikin bahon roba, bayan labule. Ɗakinsa daban ne, kuma mai zanen gini ya kamata ya fara da shi. Kaya su shigo da datti ta gefe ɗaya, su fita da tsabta ta ɗaya gefen, ba komawa baya, kada wankakke ya haɗa hanya da mara wanki. A samu kwamin wanki manya aƙalla biyu, masu zurfin da tiyon zai nutse gaba ɗaya ba a naɗe shi da ƙarfi ba, ga na wanke hannu daban. A samu fanka mai zuƙe iska ta fitar waje, saboda tururin glutaraldehyde yana cin ido da hanci, yana jawo asma. A Birtaniya an janye Cidex daga kasuwa a 2002 saboda abin da yake yi wa ma'aikatan jinya. Mu da muke amfani da shi a zafin watan Afrilu, a ɗakin da taga ɗaya ce, ka yi tunanin ƙirjin yarinyar da aka bar wa wankin. Ita ma 'yar wani ce. Tana buƙatar doguwar safar hannu, da tabarau, da takunkumi, da rigar leda.

Yanzu yi lissafi da ni. Duba tumbi ba ya wuce minti 10 zuwa 15. Wankin hannu da aka yi bisa ƙa'ida yana cin kusan awa guda. In tiyo ɗaya ne a asibitin, daga takwas na safe zuwa azahar mutum biyar za a gani, in an yi ƙoƙari shida. To in ka ga mutum goma sha biyar a kan benci, tiyo ɗaya, kuma duk an sallame su kafin azahar, ba sai an gaya maka ba: wani abu aka rage, kuma ba daga lokacin likita aka rage shi ba. Shi ya sa tambayar "tiyo nawa aka saya?" ta fi tambayar "nawa aka kashe?" amfani. Biyu shi ne mafi ƙaranci, uku ya fi, don ɗaya na aiki, ɗaya na wanki, ɗaya na jiran ranar da wani zai lalace.

Kada ka ce tsoratarwa ce irin ta 'yan boko. A 2009 hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta aika wa mutum sama da 10,000 takarda cewa su zo a gwada su ciwon hanta da ƙanjamau, saboda an gano ba a tsabtace kayan leƙen ciki yadda ya kamata ba a asibitocinta uku. A farkon 2015 asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya sanar da mutum 179 cewa mai yiwuwa sun haɗu da wata ƙwayar cuta da ba ta jin magani. Bakwai sun kamu, biyu sun mutu. Tiyon da ya jawo wannan wani nau'i ne da ake shiga hanyar matsarmama da shi, yana da ɗan harshen ƙarfe a baki da datti ke maƙalewa a ƙarƙashinsa. Abin tsoron shi ne asibitin ya ce ya bi umarnin wankin da kamfani ya bayar. A Disamban 2018 kamfanin Olympus ya amsa laifin rashin kai rahoton irin waɗannan kamuwa ga hukuma, ya biya dala miliyan 85. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, ruwa ba ya yankewa, kuma akwai masu bin diddigi. Su sun gano nasu ne don suna rubuta wane tiyo ya shiga cikin wa, a wace rana, wa ya wanke. Littafin nan na rajista, da bai fi kuɗin katin waya ba, yana cikin kayan ɗakin. In babu shi, wanda ya kwashi ciwon hanta a gadon asibiti zai gane bayan shekaru, ya ɗora wa wanzami. Ƙwayar nau'in B kuwa tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini.

Ruwa da wuta ba sai na daɗe a kansu ba, ka fi ni sani. Abin lura kawai shi ne ruwan ɗaurayar ƙarshe. In daga tankin da ke kan rufi ya zo, wanda rabon da a wanke shi tun ranar da aka ɗora, to an kashe ƙwayoyin majinyaci an maye gurbinsu da na tanki. Dole a sa matata mai kyau, kuma a riƙa canza ta. Wuta kuma ba maganar janareta kawai ba ce. Ka ƙaddara an zarga wa wani tsiro waya a cikin hanji ana yanke shi da lantarki, sai ɗif, allo ya yi baƙi. Minti biyun da mai janareta zai yi yana neman makulli sun yi yawa. Ana buƙatar inbata da batir da za su karɓa nan take, da abin daidaita ƙarfin wuta, don irin wutar da ake kawo mana kan zo da haukan da ke ƙona injin sarrafa hoton.

Shi kansa ɗakin dubawar, abin da ya fi muhimmanci a cikinsa ba allon ba ne. Ƙofa ta zama mai faɗin da gadon turawa zai shige, don mai aman jini ba da ƙafarsa zai zo ba. A samu filin da mutum zai zagaya gadon ta kowane gefe, ba wayoyi a ƙasa suna harɗe ƙafa. Daɓe da bango su zama masu wankuwa, marasa tsaga. Sai iskar oksijin, da injin zuƙe majina daban da na tiyon, da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna yawan iskar da ke jini, da na awon hawan jini, da akwatin kayan farfaɗo da mutum a kusa. Dalili shi ne maganin sa barci. Wasu feshin kashe zafi a maƙogwaro ya ishe su, amma da yawa sai an yi musu allura, kuma alluran nan suna rage numfashi. Dole a samu mutum ɗaya da aikinsa kallon majinyaci ne kawai, ba kallon allo ba. Joan Rivers, fitacciyar mai barkwanci ta Amurka, a wani asibitin leƙen ciki na birnin New York numfashinta ya tsaya a 2014, ta rasu bayan mako guda, kuma masu bincike na gwamnati sun ce ba a lura da taɓarɓarewar alamunta a kan lokaci ba. Kuɗi ba su ne matsalarta ba.

Allurar ma da nata. A 2008 a Las Vegas an nemi mutum kusan 40,000 su je gwaji, bayan ciwon hanta nau'in C ya yaɗu a wata cibiyar leƙen ciki. Ba tiyo ne ya yaɗa shi ba. Sirinji ake maimaitawa, ana raba kwalbar maganin barci ɗaya tsakanin majinyata don a rage kashe kuɗi. Likitan da ya mallaki wurin ɗaurin rai da rai aka yanke masa a 2013.

Bayan an gama kuma ina za a kai mutum? Wanda aka yi wa allurar barci ba a miƙar da shi a ce ya hau adaidaita. Yana buƙatar gado a wani ɗaki na kusa, da nas a kansa, har ya dawo hayyacinsa, kuma ranar ba tuƙi. In gadon farfaɗowa ɗaya ne, layin ya tsaya ko da tiyo goma ne.

Mu dawo kan kunyar nan. 'Yar'uwa, ke kin fi kowa sanin abin da zai sa Hajiya ta ce a bar ta ta mutu a ɗakinta. Wanda za a yi wa kolonoskofi ya kwana yana shan maganin wanke hanji, ya iso asibiti cikinsa na juyawa. In banɗaki yana can ƙarshen baranda, sai an ratsa 'yan jinya ana kallo, an riga an wulaƙanta shi tun kafin a taɓa shi. Banɗaki a manne da ɗakin, wurin canza kaya mai ƙofa, ɓangaren mata daban ko ranar mata daban, ma'aikaciya mace a tsaye duk lokacin da mace ke kan gado, da wandon nan na musamman mai 'yar ƙofa ta baya da ke rufe sauran jiki. Ƙofar ɗakin kada ta kalli wurin zaman jira. Waɗannan ba su kai kuɗin tayar motar rakiya ɗaya ba, amma su ne ke yanke hukuncin ko matanmu za su zo ko ba za su zo ba. Mai zanen da ya kwafo taswira daga intanet bai san wannan ba. Nas ɗin da ta shekara goma a sashen ta sani, sai dai ba a kiran ta taron.

Akwai kuma bambanci tsakanin gani da magani. Ɗakin da ke da kyamara kaɗai zai nuna maka jijiyar da ke tsiyaya, a ɗauki hoto mai kyau, a ce a yi haƙuri. Zoben ɗaure jijiya, da 'yan maƙalan ƙarfe na tsuke gyambo, da allurar da ake zurawa ta cikin tiyo, da wayar yanke tsiro, da ɗan hantsakin gutsuro nama, yawancinsu sau ɗaya ake amfani da su a yar, kuma da dala ake sayo su. Su ne cefanen ɗakin, kullum sai an yi. Naman da aka gutsuro kuma sai an saka shi a sinadari an kai wa likitan da ke duba shi a madubi, shi zai ce sankara ce ko ba ita ba. In babu tsayayyar hanyar kai shi da dawo da sakamako, ɗan'uwan majinyaci ne zai saka kwalba a aljihu ya shiga motar haya.

Sai mutane. A 2011 wasu masu bincike biyu daga Jami'ar Duke ta Amurka suka duba bayanan kayan asibiti sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka samu kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka lissafa su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya, da rashin abubuwa irin su wuta da ruwa. Tiyon leƙen ciki kuwa shagwaɓaɓɓe ne. Majinyaci ya cije shi don an manta saka masa abin kare haƙori, ya tashi aiki. A matse shi da murfin akwati, ya tashi aiki. Sabo dubun-dubatar daloli ne, gyaransa kuma ba a bakin kasuwa ake yi ba, sau da yawa sai an tura shi nesa a jira watanni. Kwangilar da babu yarjejeniyar gyara a cikinta, babu horar da nas-nas da injiniyan asibiti, babu aron wani tiyon kafin naka ya dawo, ba a sayi aiki ba, an sayi abin ɗaukar hoto ne. Kuma a nan akwai abinci ga matasa. Kowa so yake ya zama likita, alhali ɗakin nan ba ya motsi sai da nas mai horo a kansa da injiniyan kayan asibiti, kuma su ne ake nema ruwa a jallo.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Malam, da babu gara ba daɗi. Ka bari a fara, sauran za su zo." A abubuwa da yawa na yarda da wannan. A nan ban yarda ba. Aji mara fanka ana karatu a cikinsa. Tiyo mara wanki kuwa garin neman gira ne a rasa ido, tunda mutum ya zo da ƙwannafi ya koma da ciwon hanta. Ba kuma cewa nake sai an sayo injin wanki mai sarrafa kansa irin na Turai ba. Wankin hannu da aka yi tsakani da Allah, da agogo, da burushi, da sinadari mai rai, karɓaɓɓe ne, kuma ko mai injin sai ya fara da burushi. Abin da nake cewa shi ne kuɗin da za a raba a sayi na'ura biyar a ajiye a garuruwa biyar don kowane ɗan majalisa ya samu hotonsa, gara a haɗa su a yi cikakken ɗaki ɗaya ko biyu da ke aiki kullum har da dare, a sa motar ɗaukar marasa lafiya tsakani, ƙananan asibitoci kuma a wadata su da gwajin H. pylori da na ciwon hanta da allurar riga-kafinsa. Wannan ba zai yi farin jini a siyasa ba, na sani. Amma mai aman jini da ƙarfe biyun dare ɗakin da ke buɗe yake nema, ba wanda ya fi kusa ba.

Kada ka raina abin da wayarka za ta iya. A 2012 matasa ne, Hamzat Lawal da abokansa, suka tayar da maganar Bagega ta Zamfara a Twitter, inda gubar dalma ke kashe yara, kuɗin share garin kuma sun maƙale. Ba zagi suka yi ba, tambaya ɗaya suka nace a kai: ina kuɗin? A Janairun 2013 gwamnatin tarayya ta sake su. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma ka nemi takardun kwangila, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa. Nemi jerin abin da aka saya. Duba ko tiyo nawa ne, ko akwai na'urar gwajin huji, ko akwai kabad ɗin busarwa, ko akwai shekarun gyara, ko an ware kuɗin sinadari na shekara mai zuwa. In an ce an ƙaddamar, ka bari a yi wata shida, ka je ranar Talata da safe ka ga ko ƙofar a buɗe take.

In kuma Baba za ka raka, ba rashin kunya ba ne ka tambayi nas cikin ladabi tiyo nawa suke da shi, mutum nawa ke gabanku, kuma a ina ake wankewa. Wurin da ke yin abin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, wani ma har ɗakin zai leƙa da kai. Ka tabbata Baba bai ci komai ba aƙalla awa shida, ka faɗa musu duk maganin da yake sha, musamman na tsinka jini da na sukari. In an gutsuri nama, kafin ku bar wurin ka tambayi ranar da sakamako zai fito da kuma hannun wanda za ka karɓa, ka rubuta a wayarka.